Tambaya da Amsa: Dijkstra, mutumin da ya koya wa kwamfuta zaɓen hanya

Wasiƙun da suka shigo wannan watan kan magabatan ilmin kwamfuta suna da yawa, kuma suna ɗaya ne ya fi yawo a cikinsu: Edsger Dijkstra. Masu tambayar yadda ake faɗin sunan, Daikstra ake cewa. Mun tsamo biyar, mun rage tsawon wasu saboda ƙarancin fili.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Malamai, ni ɗan aji biyu ne a sashen kimiyyar kwamfuta. Mun ji sunan Dijkstra a darasin tsara bayanai, muka sake jin sa a darasin manhajar da ke tafiyar da na'ura. Mutum ɗaya ne ko suna ne ya zo ɗaya? Kuma wai da gaske ne ba ya amfani da kwamfuta?
Daga wani ɗalibi, Rijiyar Zaki

AMSA: Wa alaikumus salam. Mutum ɗaya ne, kuma da sauran darussa a gaba da za ku sake haɗuwa.

An haife shi ranar 11 ga Mayu, 1930, a Rotadam ta ƙasar Holan. Mahaifinsa malamin kimiyyar sinadarai ne, mahaifiyarsa kuma gwanar lissafi. Da farko lauya ya so zama don ya wakilci ƙasarsa a Majalisar Ɗinkin Duniya, amma ya ƙare a Jami'ar Leiden yana karatun fiziks. A 1951 ya halarci kwas na mako uku a Kambirij ta Ingila kan rubuta wa kwamfuta umarni, a watan Maris na 1952 kuma Cibiyar Lissafi ta Amstadam ta ɗauke shi aiki. Shi ne na farko a ƙasar da wannan ta zama sana'arsa. Saboda sabuntar abin, da ya je ɗaurin aurensa a 1957 ya faɗi sana'arsa, hukuma ta ce ba ta san da ita ba, sai masanin fiziks aka rubuta a takardar.

Abin da muke so ka riƙe daga waɗannan shekaru shi ne: sau da yawa na'urar da yake rubuta wa umarni ba a ma gama ƙera ta ba. Zai zauna da injiniyoyi su daddale a rubuce kan abin da na'urar za ta iya yi, su tafi ƙira, shi ya tafi rubutu. Ba inda zai gwada ya gani. Dole ya zauna da takarda ya tabbatar wa kansa da hujja cewa abin da ya rubuta daidai ne. Wannan tarbiyya ce ta bi shi har ƙarshen rayuwarsa, kuma duk abin da za ka karanta nasa daga nan ya tsiro.

Ya sami digirin digirgir a 1959. A 1960 shi da Jaap Zonneveld suka kammala manhajar farko da ke fassara harshen ALGOL 60 zuwa abin da na'ura ke fahimta. Ya zama farfesa a Eindhoven a 1962, inda shi da 'yan tawagarsa suka gina manhajar tafiyar da na'ura mai suna THE, hawa-hawa kamar bene, kowane hawa yana dogara da na ƙasansa kaɗai, don a iya tabbatar da kowanne shi kaɗai. An ba shi lambar yabo ta Turing, babbar lambar yabo a fannin kwamfuta, a 1972. Daga 1973 zuwa 1984 ya yi wa kamfanin Burroughs bincike daga gidansa a Nuenen, sannan ya koma Jami'ar Teksas da ke Austin a Amurka har ya yi ritaya a 1999. Ya rasu a Nuenen ranar 6 ga Agusta, 2002, bayan jinyar ciwon daji.

Batun rashin amfani da kwamfuta, akwai ƙamshin gaskiya amma an ƙara gishiri. Ya shafe shekaru yana rubuta manhajoji masu wahalar gaske. Daga baya ne ya karkata ga tunani da rubutu, na farko da tafireta, na baya da alƙalamin tawada. Rubuce-rubucen nan sun haura 1,300, kowanne da lamba da haruffan sunansa, EWD. Yakan yi musu hoto ya aika wa abokan aiki ta gidan waya, su ma su sake kwafa su raba. A ƙarshen rayuwarsa ya mallaki kwamfuta, amma imel da duba intanet ya fi yi da ita.

TAMBAYA: Ina da yara huɗu masu kai saƙo da babur. Wani ya ce mini taswirar waya da ke nuna musu hanya dabarar wannan bature take bi. Yaya take gane hanyar da ta fi sauri? Kuma me ya sa wani lokaci take jefa yaro cikin cunkoso ko ta kai shi lungun da ba ya ɓullewa?
Daga mai sana'ar kai saƙo, Kurna

AMSA: Malam, wanda ya faɗa maka bai yi nisa da gaskiya ba. Manyan taswirori irin Google Maps sun ɗora dabaru da yawa a kai don sauri, amma tushen nasa ne. Ya ƙirƙiro dabarar a 1956, kuma da bakinsa ya ce cikin kusan minti 20 ne, yana zaune a wani wurin shan gahawa a Amstadam tare da wadda zai aura, ba takarda ba fensir. Ana neman abin da za a nuna wa jama'a da sabuwar kwamfuta mai suna ARMAC, sai ya zaɓi tambayar da kowa zai gane: wace hanya ce mafi kusa tsakanin garuruwa biyu? Ya yi amfani da garuruwa 64 na Holan. Sai a 1959 ya buga ta, a shafi uku kacal.

Ka ɗauko takarda da fensir da biro mu yi ta tare. Yaronka yana Kabuga, za shi Kantin Kwari. Mintunan nan na misali ne muka sa don lissafi ya fito: Kabuga zuwa Tal'udu 6, Kabuga zuwa Gidan Murtala 14, Tal'udu zuwa Mandawari 9, Mandawari zuwa Ƙofar Mata 12, Gidan Murtala zuwa Ƙofar Nassarawa 4, Ƙofar Nassarawa zuwa Ƙofar Mata 5, Ƙofar Nassarawa zuwa Kwari kai tsaye 12, Ƙofar Mata zuwa Kwari 4.

Ƙa'idar guda biyu ce. Lambar da ba ka tabbatar ba, da fensir za ka rubuta ta. Kowane zagaye kuma sai ka duba duk lambobin fensir, ka zaɓi mafi ƙanƙanta, ka bi ta da biro, sannan ka leƙa maƙwabtan wannan mahaɗa ka gani ko an samu hanyar da ta fi wadda ke rubuce.

Kabuga 0 ce, da biro. Maƙwabtanta: Tal'udu 6, Gidan Murtala 14, duk da fensir. Ƙaramar ita ce 6, Tal'udu ta samu biro. Daga nan Mandawari ta zama 6 da 9, wato 15. Yanzu fensir biyu gare ka, 14 da 15. Gidan Murtala ta samu biro, Ƙofar Nassarawa ta zama 18. Tsakanin 15 da 18, Mandawari ce ta samu biro, ita kuma ta ba Ƙofar Mata 27. Sai Ƙofar Nassarawa mai 18 ta samu biro, kuma a nan ne aikin yake. Daga gare ta Ƙofar Mata 18 da 5 ce, 23, ba ta kai 27 da ke rubuce ba, don haka ka goge ka sa 23. Kwari kuma ta samu lambarta ta farko, 18 da 12, wato 30. Kada ka tsaya. Ƙaramar fensir yanzu 23 ce, Ƙofar Mata ta samu biro, daga ita Kwari 23 da 4 ce, 27. Ka goge 30 ka sa 27, sannan ka bi da biro. Idan duk sanda ka rubuta lamba ka sa 'yar kibiya mai nuna mahaɗar da aka fito, bin kibiyoyin da baya zai ba ka hanyar: Kabuga, Gidan Murtala, Ƙofar Nassarawa, Ƙofar Mata, Kwari, minti 27. Wanda ya ruɗu da kusancin Tal'udu ya bi ta cikin gari, minti 31 zai yi.

Me ya sa biro ba ya ƙarya? Sanda ka zaɓi mafi ƙanƙantar lamba, duk wata hanyar da za ta kai ka wurin dole ta ratsa ta wata mahaɗar da lambarta ta kai wannan ko ta fi ta, kuma babu titin da ke rage wa mutum lokacin da ya riga ya ɓata. Hujjar ke nan gaba ɗayanta, kuma kyawun dabarar shi ne ana iya riƙe ta a ka.

Daga wannan hujja ake gane inda abin ke lalacewa. Ɗalibai sun fi faɗawa kuskuren tsayawa da zarar inda za a je ya samu lamba, sai su kawo 30 maimakon 27. Na biyu, idan aka sa wa wata hanya lamba ƙasa da sifili, misali ana lissafin kuɗi kuma wata tafiya riba take kawowa, hujjar ta rushe, sai a koma dabarar Bellman da Ford, wadda ta fi nawa amma tana jure wannan. Na uku nauyin aiki ne. Idan kowane zagaye sai an bi duk mahaɗai ana neman ƙarama, gari mai mahaɗa 100,000 zai ci matakai wajen biliyan 10. Idan aka jera lambobin fensir a layi mai fifiko, wanda ƙarama ke tasowa sama da kanta, da tituna 300,000 matakan ba za su wuce miliyan 7 da wani abin kirki ba. A 1968 masu bincike uku, Hart da Nilsson da Raphael, suka ƙara dabarar A*, mai sa bincike ya karkata wajen inda aka nufa maimakon ya bazu ko'ina.

Cunkoso da lungu kuwa, laifin lambobin da aka ba dabarar ne. Taswira tana ƙiyasta gudun titi daga wayoyin da ke kansa. Inda masu barin waya ta nuna inda suke suka yi kaɗan, ƙiyasin yakan yi rauni. Ba ta san an tare layi don ɗaurin aure ba, ba ta san ranar Juma'a sahu ya fito titi ba, ba ta san ruwan daren jiya ya cika kwata ba sai bayan ababen hawa sun fara tsayawa. Lungunan cikin badala kuma da yawa an zana su ne daga hoton sama, inda rumfa ko katanga ba ta fitowa sosai. Ka sa yaranka su zaɓi alamar babur idan tana nan, kuma su riƙa kai rahoton hanyar da ta toshe ta cikin manhajar, domin da irin wannan ake gyara taswirar.

Abu ɗaya da dabarar ba ta warware maka ba: idan yaro zai sauke kaya wuri 10, wanne zai fara? Wannan wata matsala ce daban, mai wuya ƙwarai. Wuri 10 ana iya jera su ta hanya 3,628,800, wuri 15 kuwa sun haura tiriliyan 1. Abin da ke aiki a zahiri shi ne ka raba saƙonni shiyya-shiyya, na Fagge da Sabon Gari ga yaro ɗaya, na Gyaɗi-Gyaɗi da Unguwa Uku ga wani, kowa ya bi da'ira ya dawo ba tare da ya tsallake sawunsa ba.

 

TAMBAYA: Na rubuta wa wani shagon yadi a Kwari manhajar lissafin kaya. Da kwamfuta ɗaya lafiya lau. Da aka ƙara masu karɓar kuɗi biyu, sai adadin kaya ya fara saɓawa da abin da ke kan kanta, har an taɓa sayar da bandir ɗin shadda na ƙarshe sau biyu. Na duba lissafina sau ba adadi, ban ga kuskure ba. Maigidan ya fara zargin yaran shago.
Daga wata mai rubuta manhaja, Hotoro

AMSA: 'Yar'uwa, ki fara gaya wa maigidan ya dakata da zargi, domin alamun da kika kawo na rige-rige ne, kuma wannan ita ce matsalar da Dijkstra ya zauna a kanta a farkon shekarun 1960.

Ga abin da muke kyautata zaton yana faruwa. Akwai bandir 10. Mai karɓar kuɗi na farko zai sayar da 3, manhajarki ta karanto 10. Kafin ta rubuta, na biyu zai sayar da 2, shi ma ta karanto masa 10. Na farko ya rubuta 7, na biyu ya rubuta 8 a kai. Rumbun bayanai ya ce 8, kanta ta ce 5. Kowane layi da kika rubuta daidai yake in shi kaɗai ne. Ɓarnar tana cikin ɗan tsakanin karantawa da rubutawa, shi ya sa ba ta fitowa sanda kike gwaji ke kaɗai, sai ranar da kasuwa ta cika.

Maganinsa shi ne abin da ya kira semafo, sunan alamar da ke tsayar da jirgin ƙasa. Ki ɗauka butoci biyar ne a ƙofar masallaci. Mai alwala ya zo, in akwai buta ya ɗauka, saura huɗu. In babu, ya jira. Wanda ya gama ya ajiye, adadi ya ƙaru, mai jira ya ɗauka. Ɗauka ya kira P, ajiyewa V, daga kalmomin harshensu. Sharaɗin da komai ya rataya a kai shi ne dubawa da ɗauka su zama abu ɗaya da ba a ratsa tsakaninsa. In buta ɗaya ce tak, semafon ya zama makulli ke nan: mutum ɗaya a lokaci ɗaya.

Ba sai kin gina wannan da kanki ba, rumbun bayanai yana da shi. Hanya mafi sauƙi, ki daina karantowa ki lissafa a manhaja ki mayar. Ki bar rumbun ya yi ragin a umarni ɗaya: UPDATE kaya SET adadi = adadi - 3 WHERE lamba = 17 AND adadi >= 3. Sannan ki duba layi nawa umarnin ya taɓa. In 1 ne, ciniki ya faɗa. In 0 ne, kayan ba su isa ba, kada rasit ya fita. Idan ciniki ɗaya ya ƙunshi kaya iri-iri, ki buɗe tiransakshan, wato ƙunshin umarni da ko dai su wuce duka ko a fasa duka, ki karanto layukan da SELECT ... FOR UPDATE don su kulle, ki yi ragi, ki rufe da COMMIT. In MySQL kike amfani da shi, ki tabbata teburanki nau'in InnoDB ne, domin nau'in MyISAM ba ya riƙe tiransakshan, zai karɓi umarnin ya yi shiru kamar ya yi.

Da kin sa makulli sai wata matsalar ta leƙo, ita ma shi ya fayyace ta. A 1965 ya ba ɗalibansa wata tambaya da daga baya masanin kwamfuta Tony Hoare ya mai da ta labarin masana biyar a teburin cin abinci: cokula biyar, ɗaya tsakanin kowane mutum biyu, kuma ba mai iya ci sai da biyu. In kowa ya ɗauki na hagunsa a lokaci guda, kowa zai riƙe ɗaya yana jiran na dama, a yi cirko-cirko har abada. A shagonki haka za ta kasance: wannan ya kulle shadda yana jiran atamfa, wancan ya kulle atamfa yana jiran shadda. Maganin mai arha ne. Kafin ki kulle, ki jera kayan cinikin bisa lambarsu daga ƙarama zuwa babba, kowa ya bi wannan jerin, da'irar jira ba za ta taɓa rufewa ba. Duk da haka ki shirya wa ranar da za ta faru: MySQL yakan kashe ɗaya daga cikin biyun ya dawo da kuskure mai lamba 1213, aikinki shi ne ki sake gwada cinikin daga farko, sau biyu ko uku, kafin ki nuna wa mai karɓar kuɗi saƙo.

Kada kuma ki riƙe makulli kina jiran firinta ko amsar POS. Netuwok na iya ɗaukewa, sauran su tsaya, InnoDB kuwa daƙiƙa 50 yake jira kafin ya haƙura, mai saye na tsaye. Ki kammala da rumbu, ki saki, sannan ki buga rasit. Manya ma sun ji jiki a nan. Na'urar Pathfinder da ta sauka duniyar Mars a Yulin 1997 ta yi ta kashe kanta tana tashi, saboda ƙaramin aiki ya riƙe makullin da babban aiki ke jira, matsakaitan ayyuka kuma sun hana ƙaramin samun damar gamawa. Daga nan duniya aka aika gyaran.

Don ki gamsar da maigidan, ki rubuta 'yar manhajar da za ta aika ciniki 200 a lokaci guda kan kaya ɗaya mai adadi 100. Kafin gyara za ki ga adadin ya kauce. Bayan gyara 100 za su wuce, 100 a ƙi su, rumbu ya tsaya a 0.

TAMBAYA: Ina koyar da kwamfuta a sakandare. Littafinmu ya ce Dijkstra ya haramta goto, wani abokin aiki kuma ya ce mutumin mai girman kai ne kawai da ke raina aikin kowa. Me zan gaya wa yara?
Daga wani malami, Gwale

AMSA: Malam, wasiƙa ce ya rubuta yana sukar goto, umarnin da ke sa manhaja ta tsallaka zuwa wani layi, aka buga a mujallar ACM, ƙungiyar masana kwamfuta, a Maris 1968, kuma kanun da ya yi tashe, mai cewa goto cutarwa ne, edita Niklaus Wirth ne ya sa shi. Hujjarsa ita ce a koya wa yara. Mutum ya fi gane abin da ke kwance a shafi fiye da abin da ke gudana cikin lokaci. In umarni na bin juna daga sama zuwa ƙasa, da "in kaza" da "maimaita", kana iya sa yatsa a layi ka faɗi abin da ya tabbata kafin a iso nan. In ana iya dirowa layin daga wuri goma, ba abin da za ka iya rantsuwa a kai. Masanin kwamfuta Donald Knuth ya yi dogon rubutu a 1974 yana nuna wuraren da goto ke da amfani, kuma har yau masu rubuta zuciyar Linux, manhajar tafiyar da na'ura, da harshen C suna amfani da shi wajen tattara kaya in aiki ya gaza a tsakiya, tsalle gaba kawai, zuwa ƙarshen aikin. Haɗarin kuma bai tafi ba. A Fabrairun 2014 Apple ya gyara wani kuskure inda layin goto ɗaya ya maimaitu sau biyu, ya sa ake tsallake tantance sa hannun shafukan intanet masu tsaro.

Abin da ya fi goto muhimmanci shi ne matsayinsa kan gwaji: gwaji na iya nuna akwai kuskure, ba ya iya nuna babu. Ka yi wa yara lissafin a allo. Ninka lambobi biyu masu bit 32 yana da yanayi 2 sau 2 har sau 64. Na'urar da ke gwada biliyan 1 a daƙiƙa za ta shekara sama da 580. A 2006 mai rubuta manhaja Joshua Bloch ya bayyana cewa binciken raba-biyu, wato neman abu a jeri ta hanyar raba shi biyu-biyu, da ke cikin kayan aikin harshen Java ya shekara kusan 9 da kuskure: haɗa lambar farko da ta ƙarshe kafin a raba biyu yana ambaliya in jimlar ta wuce 2,147,483,647. Ba wanda ya gwada da jeri mai girman haka, amma mai tambayar "wace lamba ce mafi girma da wannan layi zai iya gani?" zai kama shi a zaune.

Zafin harshe kuwa yana da shi, ba ma ɓoyewa. A 1975 ya yi wa harsunan rubuta manhaja COBOL da BASIC kaca-kaca, har ya nuna wanda ya fara da BASIC da wuya ya gyaru. A nan ba mu tare da shi, ƙwararru da yawa da BASIC suka fara. Amma laccarsa ta karɓar lambar Turing kan tawali'un mai rubuta manhaja ce, cewa kan ɗan Adam ƙarami ne, dole ya rubuta abin da zai iya ɗauka. Da kansa ya fara wannan hukunci kafin ya yi wa wasu.

TAMBAYA: Ɗana ya samu gurbin karatun kwamfuta, yana ta matsa mini in saya masa laftof. Na ji an ce wannan malamin da alƙalami ya yi aikinsa. To dole ne sai na saya?
Daga wani uba, Yakasai

AMSA: Alhaji, Allah ya sanya albarka a karatun. In da hali a saya masa, domin aikin makaranta na yau ba ya yiwuwa sai da ita, kuma shi Dijkstra sai da ya shekara fiye da goma a kan na'ura kafin ya koma alƙalami. Ba sai mai tsada ba. Ta hannu mai RAM gigabait 8 da ma'ajiyar SSD gigabait 256 ta ishe shi har ya gama. A yanayin wutarmu batir ya fi komai: kafin a biya, a cire caja a kunna bidiyo na minti 30, in ya zubar da fiye da kashi 25 cikin 100 a nemi wata ko a rage kuɗin sabon batir. A gwada kowane maɓalli da kowace kafar USB a gaban mai shago, a kuma tabbata ba a kulle BIOS da kalmar sirri ba.

Sai ku haɗa masa da littafin rubutu mai kauri, ku ce kafin ya kunna kowace manhaja da ya rubuta, ya fara rubuta amsar da yake sa ran gani a yanayi uku: in ba a ba ta komai ba, in abu ɗaya aka ba ta, da in an ba ta mafi girman abin da za ta iya ɗauka. In allo ya saɓa da littafi, kada ya canja ko harafi sai ya nuna da yatsa layin da tunaninsa da na'ura suka rabu. Daren da ba wuta kuma aikin littafin bai tsaya ba. Jami'ar Teksas ta sa rubuce-rubucen EWD a intanet kyauta, da yawansu da rubutun hannunsa. Ya fara da mai lamba 831 na shekarar 1982, gajere ne, kan dalilin da ya sa masu kwamfuta ke fara ƙirga daga 0, abin da zai ci karo da shi tun makon farko.